Aika Imel ɗin Bincike Daga Jos Zuwa Ƙetare: Abin da Ake Gani a Hanya da Yadda Ake Kulle Shi

Mai bincike a Jos ba ya rabuwa da aika saƙo ƙetare. Malamin Jami'ar Jos da ke haɗa aiki da takwaransa na Jamus, likitan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da zai tura sakamakon gwaji ga abokan aikinsa a Amurka, ma'aikacin cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ɗalibin digiri na uku da ya yi hira da mutanen da rikicin 2001 ko na 2008 ya rutsa da su, duk da imel suke aiki. Yawancinsu kuma sun ɗauka da zarar an danna maɓallin aikawa, saƙo ya tashi daga kwamfutar wannan ya dira a ta wancan. Ba haka yake tafiya ba. Zango-zango yake yi, yana sauka a kwamfutocin da ba naka ba, kowacce ta ajiye shi sannan ta miƙa gaba. Kamar ka ba direba a tashar Bauchi Road takarda ba ambulan, shi kuma ya miƙa wa wani direban a Akwanga: mai yiwuwa ba wanda zai karanta, amma ba abin da ya hana su.

Don haka abin da bai kamata a gani ba, a kulle shi tun bai bar kwamfutarka ba. Amma sai mutum ya san yadda hanyar take kafin ya gane me kullewar ke karewa da abin da ba ta karewa.

Asalin tsarin, da dalilin da ya sa yake a buɗe

A 1971 Ray Tomlinson ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu a ARPANET, layin kwamfutocin Amurka da ya zama tushen intanet, shi ne ya zaɓi alamar @. Ƙa'idar SMTP da har yau ake aika imel da ita an rubuta ta a 1982, ba a kuma sa mata kulli ko ɗaya ba, domin jami'o'i da cibiyoyin bincike ne ke kan layin, kusan kowa ya san kowa. Jami'o'in da ba su sami shiga ARPANET ba sai suka yi nasu hanyoyin: BITNET a 1981 tsakanin jami'ar birnin New York da Yale, EARN a Turai, JANET a Ingila, wadda ma a juye take rubuta adireshi, ta fara da sunan ƙasa ta ƙare da sunan sashe. Akwai kuma UUCP, inda kwamfuta ke buga wa 'yar'uwarta waya a lokacin da aka tsara, galibi da dare don kuɗin kira ya fi sauƙi, su yi musayar saƙonnin da suka taru. A UUCP mai aikawa shi ke rubuta hanyar da hannunsa, sunan kwamfuta bayan sunan kwamfuta da alamar motsin rai a tsakani. Mutumin wancan zamani ya san sarai hannu nawa wasiƙarsa za ta ratsa, tunda shi ya lissafa su. Mu ne yau aka ɓoye mana lissafin.

Ta irin wannan hanya imel ya shigo jami'o'in Najeriya a tsakiyar shekarun 1990. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife da shirin NUNet na Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa a Abuja sun riƙa tura saƙonninsu ta kiran waya zuwa cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, daga can ake watsa su duniya. Layin NITEL ne kaɗai mafita, modem mai gudun 2,400 kuwa haruffa kusan 240 yake turawa a daƙiƙa. A wurare da yawa malami ba shi da kwamfuta. Yakan kai rubutunsa a faifai ga mai kula da na'ura, amsa ta zo a buga masa a takarda. Wannan kuma zamanin Abacha ne, wanda gwamnatinsa ta haramta ASUU a 1996. Malamin da ya tauna kalmominsa kafin ya rubuta wa abokinsa na Landan ba ruɗu yake yi ba.

Can ma ƙetaren ba a kwana da ido biyu rufe ba. Masana kwamfuta a Amurka sun daɗe suna zargin hukumar leƙen asiri ta NSA na tace saƙonni, har manhajar rubutu ta Emacs tana da wani umarni da ke zuba kalmomin tayar da hankali a ƙasan wasiƙa don a wahalar da mai tacewa. A 1991 Phil Zimmermann ya saki PGP, manhajar kulle saƙo, kyauta, gwamnatin Amurka ta bincike shi har zuwa farkon 1996, domin a dokarsu ta lokacin fitar da manhajar kulle saƙo mai ƙarfi daidai yake da fitar da makami. A watan Agustan 1991 kuma, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Mosko, ta layin kwamfuta na Relcom da ke ratsa Finland labarai suka riƙa fita, masu juyin ba su toshe shi ba.

Wa kake gudun ya gani?

Amsa wannan tambaya kafin ka sauke kowace manhaja, domin maganin kowane daban ne.

Na farko, na kusa: wanda ya san kalmar sirrinka, mai shagon buga takardu a Terminus ko bakin ƙofar jami'a inda ka shiga akwatinka ka manta ba ka fita ba, ɗalibin da ka ba aron laftof, da ma'aikacin sashen kwamfuta, domin mai kula da akwatin imel na ma'aikata yana da ikon sake kalmar sirri ko buɗe ajiyar saƙonni. A ganinmu nan ne mafi yawan asiri ke tonuwa, kuma nan ne mutane suka fi sakaci.

Na biyu, kamfanin layinka da hukumomin gida. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya. Amma sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar masu amfani da su na shekara biyu, kuma ƙa'idojin NCC na 2019 sun ba hukumomin tsaro damar tare saƙo da sammacin alƙali, ko a halin gaggawa su tare sannan su nemi sammacin cikin awa 48. Ƙa'idojin sun kuma tanadi neman mabuɗin saƙon da aka kulle daga wanda ke riƙe da shi. Tun Disambar 2020 da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, layin da kake hawa intanet da shi sunanka yake ɗauke.

Na uku, gwamnatocin ƙetare da kamfanin da ke riƙe da akwatin. Gmail, Outlook da Yahoo na Amurka ne, kuma sashe na 702 na dokar FISA, wanda aka ƙara a 2008, ya ba hukumomin leƙen asirin Amurka damar neman saƙonnin waɗanda ba 'yan ƙasar ba da ke zaune a waje ba tare da sammacin mutum ɗaya-ɗaya ba. Malamin da ke harabar Jami'ar Jos ta Naraguta yana cikin wannan rukuni. Takardun da Edward Snowden ya fitar a Yunin 2013 sun nuna shirin PRISM na Amurka da Tempora na Ingila, wanda ke kwasar bayanai daga wayoyin ƙarƙashin teku, ciki har da tashar Bude a yankin Cornwall. A garin Bude ɗin ne wayar Glo-1 da ta tashi daga Legas take sauka.

Duba hanyar da saƙo ya bi

Kowane imel yana ɗauke da tarihin tafiyarsa a goshinsa. A Gmail, buɗe saƙon a kwamfuta, danna ɗigo ukun da ke dama, zaɓi "Show original". A Thunderbird, manhajar imel ta kwamfuta, danna Ctrl da U. Za ka ga layuka da suka fara da "Received". Daga ƙasa ake karanta su zuwa sama: na can ƙasa shi ne zangon farko, na sama shi ne sabar da ta ajiye maka (saba ita ce kwamfutar da ke karɓar saƙo ta ajiye ko ta miƙa gaba). Kowane layi na ɗauke da sunan saba da lokaci. In ka ga +0100 agogon Najeriya ne ko makamancinsa.

Abin nema shi ne kalmar da ke bin "with". In an rubuta ESMTPS ko ESMTPSA, an kulle wannan zangon da TLS, wato kullin da ke rufe saƙo yayin da yake kan hanya. In ESMTP ce kawai ko SMTP, ba a kuma ambaci TLS a layin ba, mai yiwuwa a fili ya wuce. Zango ɗaya a buɗe ya isa. Idan za ka rubuta wa wani kuma Gmail ta nuna ɗan jan kwaɗo a buɗe kusa da adireshinsa, sabarsa ba ta karɓar TLS, kada ka sa komai mai nauyi.

Sai dai a fahimci iyakar TLS. A kan hanya kaɗai yake kullewa, daga zango zuwa zango. Da saƙon ya sauka, a buɗe yake zaune a wurin Google ko sabar jami'ar da ka aika wa. Yana kare ka daga mai leƙe a Wi-Fi na otal da kamfanin layi, ba ya kare ka daga mai akwatin ko wanda ya zo masa da takardar kotu.

Hanya mafi sauƙi: kulle fayil ɗin, ba wasiƙar ba

Ga mafi yawan masu bincike wannan ta wadatar, kuma abokin aikinka ba sai ya koyi komai ba. Kafin kullewa dai a rage abin da ke ciki. Cire sunayen waɗanda aka yi hira da su, sa lambobi a madadinsu, jerin sunayen da lambobin ya zauna a takarda a cikin durowa mai makulli, kada ya taɓa shiga imel. Cire suna kaɗai ba ya isa: in ka rubuta “mai unguwar wuri kaza” ko “limamin masallacin kaza” ko “faston cocin kaza”, duk ɗan garin ya san wa ake nufi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa addini, ƙabila, lafiya da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu tsanani, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Hira ɗaya kan rikicin Filato tana iya haɗa duka huɗun, don haka takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta faɗi a sarari cewa za a tura bayanan ƙetare. A Word, bi "File", "Info", "Inspect Document" don goge sunan marubuci da gyare-gyaren da ke ɓoye. Hoton waya kuwa yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi har ƙofar gida. A Windows danna dama a kan hoton, "Properties", "Details", sannan "Remove Properties and Personal Information".

Yanzu sauke 7-Zip, manhajar matse fayiloli da kulle su, kyauta ce. Tara fayilolin a folda ɗaya, danna dama, zaɓi "Add to archive". A wurin nau'i zaɓi 7z. A wurin kullewa tabbatar AES-256 ne. Sa alama a "Encrypt file names", in ba haka ba duk wanda ya tare saƙon zai ga sunayen fayilolin ko da bai iya buɗe su ba, kuma sunan fayil irin “hira da shugaban matasan unguwa kaza” ya riga ya faɗi rabin labari. In dole sai nau'in zip, kauce wa ZipCrypto. Tsohon kulli ne, ana fasa shi.

Ƙarfin kullin duk yana kan kalmar sirri. Kada ta zama sunan ɗa, lambar waya, aya ko karin magana, domin duk abin da aka taɓa rubutawa yana iya shiga jerin da na'ura ke gwadawa. Haɗa kalmomi shida da ba ruwan ɗaya da ɗaya, waɗanda aka tsinto da ka, misali ta buɗe ƙamus a shafuka daban-daban. A guji ɓ, ɗ da ƙ a ciki: abokin aikinka na Faransa ba shi da su a allon rubutunsa, zai kuma ce maka fayil ɗin ya lalace. Kalmar sirrin kuma ba ta bin hanyar da fayil ya bi. Faɗa masa ta kiran Signal, manhajar kira mai kulli, ko ku shirya ta baki da baki ranar da kuka haɗu a taro. Tura ta a imel na biyu aikin banza ne, akwati ɗaya za su kwana.

Girma shi ne matsala ta gaba. Imel da haruffa kaɗai ya san tafiya, gadon da ya ci tun farko, don haka kowane fayil sai an mayar da shi haruffa, kowane bait uku ya zama huɗu. Fayil mai megabait 18 yakan kai kusan 25 a hanya. Gmail na barin ka aika 25, amma sabar wancan ɓangaren tana iya tsayawa ƙasa da haka. Hirar awa ɗaya a MP3 mai gudun kilobit 64 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 29. A gudun 32 kusan 14, kuma murya na fita sarai. A 7-Zip akwai wurin "Split to volumes": rubuta 10M, zai yanka maka gunduwa-gunduwa, ka aika kowanne a saƙonsa. Sai duk sun taru a folda ɗaya za su buɗu, daga na farko mai lamba 001. Wasu jami'o'in ƙetare suna mayar da duk fayil ɗin da manhajar tace ƙwayar cuta ta kasa leƙawa. In haka ta faru, nemi abokin aikin ya buɗe maka wurin ɗora fayil na jami'arsu, ka ɗora shi a kulle yadda yake.

In wasiƙar kanta ce sirrin: OpenPGP a Thunderbird

Wannan ta fi wahala, kuma sai ku biyun kun yarda za ku yi. Tana da amfani in za ku daɗe kuna musayar magana mai nauyi. Kowane mutum yana da mabuɗi biyu da aka ƙera tare. Ɗaya na rabawa ne, kowa na iya samu, da shi ake kulle maka saƙo. Ɗaya na sirri ne, yana kwamfutarka, shi kaɗai ke buɗewa. Kai da mabuɗin rabawa na abokinka kake kullewa, shi ma da naka.

Tun fitowa ta 78 a 2020, Thunderbird na zuwa da wannan tsari na mabuɗi biyu, wato OpenPGP, a ciki. Sauke shi daga shafinsa na asali, ba daga filas ɗin wani ba. Sa adireshinka, in Gmail ne zai buɗe maka shafin shiga na Google. In sabar ma'aikata ce kuma sai an cika da hannu, ƙofar karɓa ta IMAP 993 ce, ta aikawa 465 ko 587, kada a bar wurin tsaro a kan "None".

Kafin ka ƙera mabuɗi, shiga "Settings", "Privacy & Security", ka sa "Primary Password". Mutane da yawa na tsallake wannan, alhali in babu shi duk wanda ya ɗauki laftof ɗin ya ɗauki mabuɗin sirrin a buɗe. Sannan duba agogo da kwanan watan kwamfutar. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma wata shekara ta baya duk lokacin da wuta ta ɗauke, kuma mabuɗin da aka ƙera ko sa hannun da aka yi da kwanan wata na ƙarya zai riƙa jawo ƙorafi a wancan ɓangaren.

Daga nan "Account Settings", "End-To-End Encryption", "Add Key", ka zaɓi ƙera sabo. Nau'in mabuɗi biyu ne: RSA mai 3072 ko 4096 na aiki da kusan kowace manhaja. ECC ya fi sauri da ƙanƙanta. Bar masa wa'adi, shekara biyu ko uku, ana iya tsawaitawa kafin ya cika. Yana gamawa ka yi kwafin ajiya ta "Backup Secret Key To File", da kalmar sirri mai ƙarfi, a filas biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofis. In mabuɗin sirri ya ɓata, duk saƙon da aka taɓa kulle maka ya tafi ke nan. Ba Google ba, ba Mozilla mai Thunderbird ba, ba wanda zai dawo da shi.

Aika wa abokinka saƙo na yau da kullum ka haɗa da mabuɗin rabawa ta "Attach My Public Key", shi ma ya aiko nasa. Ga matakin da ke raba aikin gaske da wasa: kowane mabuɗi yana da tambari mai haruffa da lambobi 40. Kira shi, ka ji muryar da ka sani, ya karanto maka tambarinsa huɗu-huɗu kana dubawa a "OpenPGP Key Manager", kai ma ka karanta masa naka. Dalili shi ne wanda ya iya shiga tsakaninku yana iya musanya mabuɗin da nasa, ya riƙa buɗe saƙo yana karantawa yana sake kullewa yana miƙawa, ku kuwa kuna ganin alamar kwaɗo kuna murna. Sai tambari ya yi daidai za ka zaɓi cewa ka tabbatar da mabuɗin.

Wajen rubutu danna "Encrypt" kafin ka fara, ba bayan ka gama ba, ka kuma tabbatar zaɓin ajiye daftari a kulle yana kunne. Kada ka fara rubutun a shafin Gmail na burauza da niyyar kwafowa daga baya; shafin na tura daftari sabar Google kana cikin bugawa. In mutum uku za ka aika wa, sai kana da mabuɗin kowannensu, in ɗaya babu Thunderbird zai ƙi aikawa. Kada ka cire kullin don ka huta, cire mutumin. Kada ka taɓa saitin da ke hana buɗe hotunan waje, domin raunin da aka bayyana a 2018 da sunan EFAIL ta nan ya bi. Gwajin farko ya zama da maganar banza, gaisuwa da labarin sanyin Jos, har sai kowa ya buɗe na ɗan'uwansa.

Saƙon da aka kulle haka ba ya buɗuwa a manhajar Gmail ta waya; tarkacen haruffa ko fayil maras ma'ana za ka gani. A Android ana iya haɗa Thunderbird ko K-9 Mail da manhajar ajiye mabuɗi ta OpenKeychain, amma hakan na nufin mabuɗin sirri ya koma aljihu, inda ake sata da kai gyara kasuwa. Gara a bar shi a laftof.

Proton Mail, wanda aka kafa a Suwizalan a 2014, yana yin wannan kullin da kansa in ku biyun kuna kansa. In ka aika daga Proton zuwa Gmail ba tare da sa wa saƙon kalmar sirri ba, imel ne kamar kowane. Kuma a 2021 kamfanin ya miƙa adireshin intanet (IP, lambar da ke nuna layin da mutum ya hau) na wani ɗan fafutuka na Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan. Rubutun bai fita ba, amma inda mutumin yake ya fita.

Abin da ba ya kulluwa

Wa ya aika, wa aka aika wa, ƙarfe nawa, girman saƙon, sau nawa a mako: waɗannan dole sabobi su gani kafin su kai saƙo, don haka ba kullin da ke rufe su. Taken saƙo ma a yawancin manhajoji a fili yake. Thunderbird na ɓoye shi ya sa ɗigo uku, amma amsar da za ta zo daga wata manhaja tana iya fito da shi. Rubuta take maras daɗi, irin “babi na uku”. Aikawa ta Thunderbird kuma takan sa adireshin intanet ɗinka a layin "Received" na farko, abin da shafin Gmail na burauza ba ya yi. In sanin cewa kuna magana da wane shi ne haɗarin, to imel ba wurin maganar ba ne ko kaɗan.

Akwatin kansa a tsare shi. Kunna tabbaci mai mataki biyu da manhajar lambobi irin Google Authenticator ko Aegis maimakon saƙon tes, domin ana iya karɓe layin mutum ta hanyar sake masa SIM. Buga lambobin ko-ta-kwana goma da Google ke bayarwa ka ajiye tare da takardun makaranta. Duk wata ɗaya leƙa "Forwarding and POP/IMAP" da "Filters and Blocked Addresses": wanda ya taɓa shiga akwati yakan bar umarnin a riƙa tura masa kwafi, kuma sake kalmar sirri ba ya goge wannan umarni. Saƙon gayyatar taro ko na mujalla da ya ce ka shiga da kalmar sirrin jami'a don ganin takarda, duba adireshin shafin harafi-harafi kafin ka buga komai.

In saƙo ya dawo, lambar da ke ciki ce ke faɗin dalili. Mai farawa da 4, kamar 421 ko 451, matsala ce ta wucin gadi, saba za ta ci gaba da gwadawa na wasu kwanaki, kada ka sake aikawa. 550 tare da 5.1.1 na nufin babu wannan adireshin. 552 galibi girma ne ko nau'in fayil. In an ambaci SPF, DKIM ko DMARC, wato hanyoyin tabbatar da inda saƙo ya fito, laifin na saitin sabar ma'aikatarku ne, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kai. Tura wa sashen kwamfuta saƙon da ya dawo gaba ɗayansa, ba hoton rabinsa ba.

In aka sace laftof, daga wata kwamfutar da ka yarda da ita sake kalmar sirrin imel, ka fitar da na'urar da aka sace daga jerin "Your devices" a asusun Google. Ɗauko filas ɗin ajiya, shigar da mabuɗin a sabon Thunderbird, soke shi ta "Revoke Key", ka aika wa duk abokan aikin sokakken mabuɗin rabawa don manhajarsu ta daina kulle maka saƙo da shi. Kada ka goge shi daga kwamfutarka, da shi za ka ci gaba da buɗe tsofaffin saƙonni. Sannan ka ƙera sabo, ku sake karanta wa juna tambari ta waya, ka kuma sanar da kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce irin bayanan da ke cikin na'urar da ta ɓata.